Babi na Shida: Mutum-mutumi a Sahun Sojoji

Duk wanda ya taɓa ganin bidiyon nan da ke yawo a wayoyi, na wani inji mai ƙafa huɗu yana takawa a bayan sojoji, wani lokaci har da bindiga ɗaure a gadon bayansa, tambaya ɗaya ce ke fara faɗo masa a rai: shin lokaci ya yi da za a sallami sojoji a bar injuna su yi yaƙi? Uwar da ɗanta ke bakin daga kuma tambayarta ta fi wannan zafi. In har inji na iya shiga inda harsashi ke zuba, me ya sa har yau ake tura 'ya'yan mutane?

Amsar a taƙaice ita ce, babu wata runduna a duniya da ta kai matsayin maye gurbin sojanta da inji. Abin da manyan rundunoni suka fi zuba wa kuɗi a yanzu shi ne mutum-mutumin da zai yi tafiya tare da soja, ya ɗauke masa kaya, ya riga shi shiga wuri mai haɗari, ya ji umarninsa, ya kuma sanar da shi abin da ya gani. A baki abin kamar mai sauƙi ne. A aikace kuwa, ƙera injin da zai zama abokin tafiya ya fi ƙera wanda zai yi harbi wahala nesa ba kusa ba.

Kayan aiki da abokin aiki

Maharbi kan fita daji da gora da kuma kare. Gora ba ta yin komai sai an ɗaga ta, kuma muddin tana aiki hannun mai ita a ɗaure yake. Kare kuwa yana gaba yana shinshine-shinshine. Ba ya jiran a ce masa ya kauce wa ƙaya ko ya tsallake rami. Ya san fiton da ke nufin ya tafi da wanda ke nufin ya dawo. In ya ji wani abu sai ya tsaya cak ya ɗaga kunnuwa, maharbin kuma ya karanta tsayuwar nan ya shirya. Abu uku ke nan suka sa kare ya zama abokin farauta: yana kula da kansa a hanya, yana gane abin da ake so da shi, kuma ana gane abin da yake nufi.

Mafi yawan injunan da sojoji ke amfani da su a ƙasa yau suna ɓangaren gora ne. Da rimot ake tuƙa su, kuma wannan na da tsada a fagen fama. Sojan da ke tuƙa inji kansa a sunkuye yake a kan allo, hannuwansa biyu suna kan madannai, bindigarsa a rataye. Dole wani ya tsaya ya tsare shi. A rundunar ƙasa ta Amurka ƙaramar tawagar sojan ƙafa mutum 9 ce. In inji ɗaya ya cinye mutum biyu daga ciki, taimakon da ya kawo sai an auna shi da giɓin da ya buɗe. Duk binciken da ake yi a wannan fanni ƙoƙari ne na ɗago kan sojan nan daga allo.

Daga kwance bam aka faro

Hanyar da mutum-mutumi ya fara shiga sahun sojoji da gaske ita ce aikin kwance bam. A 2002 sojojin Amurka sun tura wani ƙaramin inji mai suna PackBot, ƙirar kamfanin iRobot, cikin kogunan Afganistan ya leƙa kafin mutum ya shiga. Yana tafiya a kan sarƙa irin ta tankar yaƙi, yana da kyamara da hannu mai kama abu, kuma soja ɗaya na iya goya shi. Da yaƙin Iraƙi ya koma na bama-baman da ake binnewa a gefen hanya, buƙatarsa ta ninka. Marubuci P. W. Singer ya kawo cewa a ƙarshen 2004 injunan ƙasa da Amurka ke da su a Iraƙi kimanin 150 ne, amma zuwa ƙarshen 2008 sun kai wajen 12,000.

Dalilin karɓuwarsu a fili yake. Aikin ƙayyadadde ne, mai tuƙi na nesa kaɗan yana kallo, kuma in bam ya tashi ƙarfe ne ya tarwatse. Mutanen Borno da Yobe, waɗanda bama-baman da ake binnewa a hanya suka raba da 'yan'uwansu soja da farar hula, ba sai an yi musu dogon bayani a kan darajar irin wannan na'ura ba.

Da aka so a wuce nan a ɗora wa injin bindiga, sai tafiyar ta yi sanyi. A 2007 an kai wasu injuna uku masu bindiga da ake kira SWORDS zuwa Iraƙi, amma ba su taɓa harba ko harsashi ɗaya a yaƙi ba. Kwamandoji sun yarda inji ya taɓa bam, ba su yarda ya juya bakin bindiga a kusa da yaransu ba.

Kayan da ke bayan soja

Buƙata ta biyu ita ce ɗaukar kaya. Sojan ƙafa na zamani yana ɗauke da rigar sulke, hular kwano, bindiga, harsasai, ruwa, abinci, rediyo da baturansa. Wani rahoton gwamnatin Amurka na 2017 ya nuna cewa nauyin da sojojinta na ƙasa ke ɗauka ya haura kilo 50, wato fiye da buhun siminti. Mutum ya yi tafiyar wuni da wannan a baya, ya isa fagen fama a gajiye, ya kuma bar aiki da ciwon gwiwa da na baya.

Hukumar binciken soja ta Amurka, DARPA, ta ɗauki nauyin kamfanin Boston Dynamics ya ƙera inji mai ƙafa huɗu. An fara da BigDog a 2005, sannan aka yi babbansa mai suna LS3, wanda ke ɗaukar kimanin kilo 180, yana bin sojan da ke gabansa da kansa, yana hawa tudu, in ya faɗi ya miƙe. A 2014 sojojin kundunbala da ake kira Marines suka gwada shi a wani atisaye a Hawai. A ƙarshen 2015 aka ajiye shi, bayan an kashe dala miliyan 42. Abin da ya kayar da shi ƙara ce. Injinsa na fetur yana ruri, kuma tawagar da ke son ta lallaɓa cikin dare ba za ta tafi da abin da ke sanar da abokan gaba isowarta ba. Ga kuma tambayar wa zai gyara shi in ya lalace a tsakiyar daji. A idon injiniya LS3 abin al'ajabi ne. A idon soja abokin tafiya ne mai tona asiri.

Abin da ya biyo baya ya fi sauƙin ƙira. A 2020 rundunar ƙasa ta Amurka ta ba kamfanin General Dynamics kwangilar wasu motoci marasa direba guda 624, masu taya takwas, waɗanda ke ɗaukar kimanin kilo 450, suna iya tafiya da batir ba tare da ƙara ba, suna kuma yi wa rediyoyin tawaga caji. Irin wannan injin ya taka ƙasar Sahel ma. A 2019 sojojin ƙasar Estoniya da ke cikin rundunar Barkhane ta Faransa sun kai wani mai suna THeMIS garin Gao a Mali, inda ya riƙa bin su sintiri ɗauke da ruwa da kayan aiki, cikin ƙura da zafin da ke haura digiri 40. Darasin da aka koya shi ne, soja ya fi son injin da ba ya ba shi wahala a kan wanda ke burge 'yan kallo.

Gani daban, ganewa daban

Kafin inji ya kula da kansa a hanya sai ya san abin da ke gabansa. A 2004 DARPA ta shirya tseren motoci marasa direba a hamadar Mojave, tafiyar fiye da kilomita 200. Babu motar da ta gama, wadda ta fi nisa ba ta cika kilomita 12 ba. A shekarar da ta biyo baya motoci biyar suka kai ƙarshe, ta Jami'ar Stanford ce ta zo ta ɗaya. Ci gaban ya yi sauri, sai dai hanyar tsere an riga an shata ta. Fagen yaƙi ba shi da layi a ƙasa, ba shi da alamar hanya, taswirar jiya ba lallai ta yi aiki yau ba domin gadar da ke cikinta an rusa ta da dare.

Inji yana ganin duniya ta kyamara da na'urar auna tazara da hasken lesa. Doguwar ciyawa na iya bayyana masa kamar bango, ya tsaya alhali zai iya ratsawa. Ruwan da ya kwanta a kan rami na iya bayyana kamar shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ya afka. Cibiyar binciken rundunar ƙasa ta Amurka ta shafe wajen shekara goma tana aiki da jami'o'i irin su Carnegie Mellon da MIT a kan waɗannan matsaloli. Ɗaya daga cikin injunan da suka fito da shi, RoMan, an gwada shi da aikin janye reshen bishiya daga hanya. Yaro ɗan shekara goma zai yi wannan ba tare da tunani ba. Injin kuwa sai ya tsaya ya lissafa ina ne reshen ya fara, ina zai kama, yaya nauyinsa zai karkata.

Akwai wani gwaji da Paul Scharre, tsohon soja kuma masani a wannan fanni, ya ba da labarinsa a wani littafi da ya fitar a 2023. Injiniyoyin DARPA sun shafe kwana shida suna koya wa wata na'ura gane mutum, sojoji na kai da komo a gabanta. A rana ta bakwai aka ajiye ta a tsakiyar wani shataletale, aka ce sojoji takwas su yi ƙoƙarin isa gare ta ba tare da ta gane su ba. Biyu suka taho suna alkafura. Biyu suka kifa wa kansu kwali suka taho a ciki. Wani ya lulluɓe jikinsa da sassan bishiya ya tako a hankali. Duka takwas ɗin suka isa, ba ta ga ko ɗaya ba. An koya mata mutum mai tafiya da ƙafa biyu, ba a taɓa nuna mata kwali mai tafiya ba. Kowane ɗan sintiri zai ga kwali na matsowa ya san akwai magana. Wannan shi ne raunin ƙirƙirarriyar basira a yaƙi: daga misalan da aka ba ta take koyo, abokin gaba kuma aikinsa ke nan ya zo da abin da ba a taɓa gani ba.

Jin magana

Sojoji ba sa yi wa juna dogon bayani. Sajan zai ce, “Je bayan gidan can ka tsare mana ƙofar baya,” kofur ya tafi. A cikin wannan gajeriyar magana akwai abubuwa da yawa da ba a faɗa ba. Wane gida daga cikin uku? Ina ne bayansa, daga inda muke ko daga titi? Ta wace hanya za a bi ba tare da an fito fili ba? In an ga yara a ƙofar me za a yi? Kofur ya san duk wannan saboda horo ɗaya suka sha da sajan, kuma ya san dalilin fitowarsu. Inji sai an gina masa kowace amsa, ko kuma a koya masa ya yi tambaya in bai gane ba, ba tare da ya cika mutane da tambayoyi a lokacin da wuta ke tashi ba. Sau da yawa ma ba a magana, hannu ake ɗagawa, don haka ana koya wa injuna karanta alamun hannu.

Ɗaya ɓangaren shi ne injin ya bayyana kansa. In ya tsaya, tawaga na buƙatar sanin dalili nan take: batir ne ya yi ƙasa, hanya ce ta toshe, ko wani abu ya hango? Injin da ke tsayawa ba bayani yana jefa mutane cikin zullumi, zullumi a fagen fama kuma yana kashewa.

In sadarwa ta yanke

Duk injin da ake tuƙawa daga nesa rayuwarsa na rataye ne a kan igiyar rediyo. Rasha ta gwada ƙaramar tankarta marar direba, Uran-9, a Siriya. A 2018 wani mai bincike na sojan Rasha ya bayyana a wani taro cewa a cikin gari ba a iya sarrafa ta fiye da tazarar mita 300 zuwa 500, saboda gine-gine na tare saƙo, kuma sau 19 sadarwa ta yanke tsakaninta da masu tuƙi. Ban da gine-gine, abokan gaba na da na'urorin dagula rediyo da GPS da gangan.

Wannan ne ya sa rundunoni ke matsa wa injiniyoyi su ba inji ikon yanke wasu shawarwari da kansa. In saƙo ya yanke, ya tsaya ne, ya koma gida, ko ya ci gaba da aikin da aka ba shi? Ga mai ɗaukar ruwa amsar ba ta da wuya. Ga mai ɗauke da bindiga, a nan gizo ke saƙar.

Yarda

Tawagar soja a kan yarda take tsaye, kuma yarda da inji na iya yin kaɗan, tana kuma iya yin yawa. In ta yi kaɗan za a bar shi a sansani yana shan ƙura. In ta yi yawa sakamakon ya fi muni. A yaƙin Iraƙi na 2003 makamin kakkaɓo jirage na Amurka mai suna Patriot, wanda kusan da kansa yake tantance abin da ke sama, ya harbo jirgin Tornado na Birtaniya bisa kuskure a watan Maris, mutum biyun da ke ciki suka mutu. A watan Afrilu ya sake harbo jirgin F/A-18 na Amurka, matuƙin ya mutu. Akwai mutane zaune gaban allo, amma sun saba ɗaukar abin da na'ura ta faɗa a matsayin gaskiya, lokacin da suke da shi na tunani kuma daƙiƙoƙi ne.

Akwai kuma shaƙuwa. A 2013 wata mai bincike a Jami'ar Washington, Julie Carpenter, ta tattauna da sojoji 23 masu kwance bam. Ta tarar suna raɗa wa injunansu suna, suna jin haushi da baƙin ciki in bam ya tarwatsa su, wasu har jana'iza suke yi musu. Sojojin sun ce wannan bai shafi aikinsu ba. Duk da haka masu horarwa na lura da abin, domin an ƙera injin ne don ya lalace a madadin mutum, kuma ranar da soja ya yi jinkirin tura shi cikin haɗari saboda tausayi, manufar ta juye.

Abin da ake so shi ne yarda daidai gwargwado: soja ya san inda injinsa ya ƙware da inda yake kuskure. Wannan ba ya samuwa daga takardar bayani. Sai an yi atisaye tare, wata da watanni, cikin ruwa da laka da duhu.

Abin da Yukiren ta nuna

Yaƙin Rasha da Yukiren ya fitar da waɗannan injuna daga filin gwaji. Jirage marasa matuƙa sun cika sararin bakin daga har ta kai motar kai abinci ko ta ɗauko wanda ya ji rauni ba ta iya matsawa kusa. Sai aka koma tura ƙananan injunan ƙasa su kai ruwa da harsasai, su jawo masu rauni, su dasa nakiya ko su share ta. A 2024 Yukiren ta kafa reshen soja na musamman don na'urori marasa matuƙa. A watan Disamba na 2024 rundunar Khartiia ta Yukiren ta kai hari kusa da ƙauyen Lyptsi a yankin Kharkiv da injunan ƙasa da na sama zalla, ba tare da sojan ƙafa a sahun gaba ba.

Sai dai a bayan kowane inji akwai mutane: mai tuƙi, mai leƙa masa hanya daga sama da jirgi marar matuƙi, makaniki, mai kula da sadarwa. An janye mutum daga inda wuta ta fi zafi, kuma wannan ribar rayuka ce ta gaske. Amma har yanzu shi ke gani, shi ke yanke hukunci.

Wa zai amsa?

Abokin aiki na gaske yana da wani abu da inji ba zai taɓa samu ba, wato ɗaukar alhaki. Soja na iya ƙin bin umarnin da ya saɓa doka, ana kuma iya gurfanar da shi in ya yi ta'asa. A daren 3 ga Disamba 2023 jirgi marar matuƙi na rundunar sojan ƙasa ta Najeriya ya jefa bam a kan masu taron Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, mutum aƙalla 85 suka rasu, rundunar kuma ta amince kuskure ne. Mutane ne ke sarrafa jirgin, kuma shi ya sa aka san ƙofar da za a ƙwanƙwasa a nemi bahasi. In mutum mai ido da hankali ya kasa bambance taron ibada da taron 'yan bindiga ta cikin kyamara, ba hujjar da za ta sa a miƙa wannan hukunci ga na'urar da kwali ya yaudara.

Duniya ta fara motsi a kan haka. Ma'aikatar tsaron Amurka tana da ƙa'ida tun 2012, wadda aka sabunta a 2023, da ke buƙatar hukuncin ɗan'adam ya shiga cikin amfani da ƙarfi. A Disamba 2023 ƙasashe 152 suka goyi bayan ƙudurin farko na Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a kan makamai masu sarrafa kansu. A Afrilu 2024 ƙasashen ECOWAS suka yi taro a Freetown ta Saliyo, suka nemi a yi yarjejeniya mai ƙarfin doka. Matsayar da ta dace a bayyane take. A bar wa inji kaya, a bar masa bam, a bar masa leƙen lungun da ba a sani ba, domin kowane ɗaya daga waɗannan rai yake cetowa. Hukuncin ɗaukar rai kuwa ya zauna a hannun mutumin da ke da suna da muƙami, wanda za a iya kira ya yi bayani.

Duk wahalhalun da muka bi a wannan babi, na ciyawa da rami da bango da taron jama'a, na ƙasa ne. A sama babu mafi yawansu, shi ya sa aikin ya fi sauri a can. Tun a 2021 Ostireliya ta fara gwajin jirgin yaƙi marar matuƙi da ake kira Ghost Bat, wanda aka ƙera don ya tashi kafaɗa da kafaɗa da jirgin da mutum ke tuƙawa. Babi na gaba zai duba yadda matuƙi ɗaya zai jagoranci irin waɗannan jirage, da abin da zai faru in lokacin yanke shawara ya gajarce fiye da yadda ƙwaƙwalwar mutum za ta iya bi.